Mai Magani Ya Fara Sha

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

An yi wata Bushiya mai magani a garin dabbobi, kowa ya sha jiƙonta sai ya miƙe. Dila ya ga ana tururuwa gidanta, ya faki ido ya ɗanɗana, ya ji ɗaci. Ya ce, "Ashe ɗacin ne magani!" Kun ji wauta. Ya shiga daji, duk abin da ke da ɗaci ya sassaƙo, har da tinya mai dafi. Ya baza a kasuwa yana kira, "Sha yanzu, magani yanzu!"

Barewa tana da 'ya'ya biyu. Ɗaya ya yi zazzaɓi, ta sayo na Dila ta ba shi. Bai kai la'asar ba. Ta tafi fada tana kuka. Zaki, Sarkin garin, ya fusata, ya ce, "Daga yau kada a haƙa, kada a jiƙa, kada a sayar!" Bushiya ta kife tukwanenta.

Damina ta faɗi, shawara ta kama ɗan da ya rage, idanunsa suka yi rawaya. Barewa ta ruga wajen Bushiya.

"Inna, ki taimake ni."

"'Yar nan, ina tsoron Sarki."

Barewa ta koma fada ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, kukana ne ya sa ka hana. Magani ya kashe mini ɗaya, rashin magani zai kashe mini ɗayan."

Zaki ya ce, "In na buɗe, Dila ya dawo. In na rufe, ɗanki ya tafi."

Ta ce, "To, kowa ya sayar, amma ya fara shan nasa a gabanmu."

Aka tara gari. Bushiya ta faɗi sunan itacenta, ta kafa kai ta sha, ta goge baki. Aka miƙa wa Dila nasa.

"Ranka ya daɗe, azumi nake."

Zaki ya ce, "Za mu jira magariba."

Rana ta faɗi, Dila ya sha. Bai ga wayewar gari ba.

Ɗan Barewa ya sha na Bushiya ya tashi. Amma har Barewa ta tsufa, in ta wuce ta kasuwa sai ta kawar da kai, don ɗan farko bai dawo ba.

Yara, ba a rufe wa mara lafiya ƙofar magani, ba a kuma barin ta ba mai gadi.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Ku tashi ku kwanta.