Shahon da Ya Sauka a Rumfar Albasa

An yi wani mutum mai sayar da albasa a kasuwar Creek Road, a Fatakwal. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye. Rumfarsa tana jikin ta Kallamu, ɗan garinsu, kuma kwano ɗaya suke ci.

Wata safiya ya ga wani ɗan ƙaramin shaho mai jan ido a kan rufinsa, irin wanda ke zama kan ƙaya a dajin Arewa. Ya tsaya yana kallonsa. Me ya kawo tsuntsun busasshen daji garin ruwa? Kuma don me sai rumfarsa?

A kwanakin nan albasarsa ta fara ruɓewa, kamar yadda ta kowa take yi da damina. Shi bai ga laifin damina ba. Rannan sai ya hango Kallamu yana jefa wa tsuntsun guntun nama. Daga nan ya daina cin abinci da shi. Ko dariya Kallamu ya yi, sai ya ce da shi ake.

Matarsa ta ce, "Malam, tsuntsu ne fa kawai."

Ya ce, "Ke ma da ke aka haɗa baki?" Ya sa ta a mota zuwa gida.

Ya 'yan uwa, bai taɓa tambayar Kallamu ba, ko sau ɗaya. Wurin boka ya je, boka ya faɗa masa abin da yake son ji.

Da ya dawo, ya ci kwalar Kallamu a tsakiyar kasuwa, yana ihu da Turancin buroka wai maye ne. 'Yan okada da 'yan dako suka rufe Kallamu da duka. Kafin dattawanmu su iso, an karya masa baya.

Ana haka wani direba mai suna Manu ya dawo daga Arewa. Ya ce, "Ai a motata tsuntsun nan ya zo. A hanya na tsince shi da karyayyen fiffike, na bar wa Kallamu ya kula da shi."

'Yan sanda suka tafi da mai albasar. Da aka sake shi, ya fito ba rumfa, ba mata, ba mai ba shi wurin kwana. Kallamu kuwa har yau ɗaukarsa ake yi zuwa masallaci.

Mummunan zato zunubi ne, zuwa wurin boka kuma ya fi shi muni. In zuciyarka ta zargi ɗan'uwanka, buɗe baki ka tambaye shi.

Allah ya kiyaye mu da zukatanmu. Amin.