Mai Lambu da Miya Marar Gishiri

Akwai wani mutum mai lambu, sunansa Barnaba, yana noman rani a bakin fadama. Shi ke jan ruwa da jigo, matarsa Tabita kuwa tana bin magudana da 'yar fartanya. Takan buɗe wa ruwa bakin wannan fangalin shuka, in ya sha ta toshe, ta buɗe na gaba. Haka suka yi shekara goma sha tara. Wata shekara, ana gama dashen albasa, zazzaɓi ya kwantar da Tabita, kwana shida ta rasu.

Kashegarin da aka binne ta, Barnaba ya koma lambu. Masu zuwa gaisuwa ba sa tarar da kowa a gida sai uwar marigayiyar, Inna Kande, wadda ta zo zaman makoki ta tsaya tana dafa masa abinci. In wani ya bi shi lambu ya ambaci sunan Tabita, sai ya ce, "Allah ya riga ya yi ikonsa," ya kawo zancen taki. Mutanen ikkilisiya suna ta yabonsa, suna cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba.

Amma jikinsa ne kaɗai a lambun. Hannunsa yana jan guga, zuciyarsa tana can ɗakin jinya: da ya kai ta asibiti tun ranar farko, da bai ce a jira Litinin ba. In ya bar wannan sai ya tsallaka gaba, yana tunanin yadda zai tsufa shi kaɗai. Yakan yi ta zuba ruwa har rana ta take, ya manta babu mai sauya bakin fangali. Albasar kusa da rijiya ta jiƙe cikin taɓo ta soma ruɓa, ta nesa kuwa ƙasarta ta tsattsage, ganyen ya kwanta. Kullum yana wucewa ta tsakaninsu, bai gani ba.

Wata rana Inna Kande ta kawo masa tuwo da rana, ta zauna gefe har ya gama. Sai ta ce, "Ɗana, yaya ka ji miyar?"

Ya ce, "Ta yi daɗi, Inna."

Ta ce, "Ba gishiri a cikinta. Kwana uku ke nan ina yin miya ba gishiri. Ni mai dafawa ban sani ba, sai jiya da maƙwabciya ta ɗanɗana ta gaya mini. Yau da gangan na hana, in ga ko za ka ji. Ashe mu biyu duka ba ma nan."

Barnaba ya sunkuyar da kai, ya kai hannu zai ɗauki igiyar guga.

Ta ce, "Bar gugan nan, zauna. Ba na so ka gaya mini abin da ya faru, ina wurin. Gaya mini abin da kunnenka ke ji yanzu."

Don kunyar suruka ya zauna. Ya kasa kunne, can ya ce yana jin kurciya a kan giginya. Ta ce, "Sai me?" Ya ce yana jin ruwa na ɗiga daga guga. Ya ja numfashi, sai warin ruɓaɓɓiyar albasa ya bugi hancinsa. Ya ɗaga kai ya dubi lambun, ya ga taɓo a nan, ya ga fari a can, ya ga 'yar fartanyar Tabita jingine a bakin magudana, ba wanda ya taɓa ta. Nan take kukan da ya danne mako biyar ya ƙwace masa.

Tsohuwar ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ita ma ta yi nata kukan. Da suka lafa ta ce, "Ni ma sai jiya na soma kukanta. In tunaninta ya zo mini, nakan ajiye muciya in zauna, in ce, ya Ubangiji, ga shi ya zo, ina kewar 'yata. In ya sake ni, sai in koma kan tukunya da hankalina duka. Tashi ka shayar da fangali ɗaya, ka tsaya a kansa har ya ƙoshi."

Haka ya riƙa yi. Rabin albasar ta riga ta lalace, amma ya ceci sauran. Baƙin cikin bai ƙaura ba. Wani lokaci sau uku yake zuwa kafin rana ta yi tsaka, Barnaba yakan ajiye guga ya zauna da shi a gaban Allah, sa'an nan ya tashi. Ya soma kiran sunan Tabita da bakinsa, har wata rana ya ba da labarin yadda take faɗa da awakin maƙwabta, ya yi dariya.

Ma'anar wannan misali ita ce, lambun nan ranar yau ce, wadda Allah ya danƙa wa kowannenmu. Ruwan kuwa hankalinmu ne. Mai baƙin ciki yakan zuba hankalinsa duka a kan jiya, ko ya aika shi ga tsoron gobe, 'ya'yansa da lafiyarsa da addu'arsa suna bushewa a gabansa bai sani ba. Danne kuka ba shi ne bangaskiya ba, gama Ubangijinmu ma ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa. In baƙin ciki ya zo maka, kada ka gudu, kada kuma ka bi shi yawo. Zauna, ja numfashi, ka lura da abin da kake ji da abin da kake gani, ka faɗa wa Allah ciwon da sunansa. Sa'an nan ka yi abu ɗaya da ke gabanka.

Ku kuma 'yan'uwa, a cikin makon nan akwai wanda ake yabon haƙurinsa a unguwarku. Ku je wurinsa. Kada ku yi saurin ce masa ya daina kuka. Ku nemi wuri kusa da shi ku zauna.