Bidiyo Ɗari Huɗu, Layi Ko Ɗaya Babu

Akwai wani magidanci da abokan aikinsa ke kira Rumbu, saboda ba ya ganin abu kyauta ya wuce bai adana ba. Ma'aikacin shigar da bayanai ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Su biyar ne a ɗaki ɗaya, kowa da tsohuwar kwamfutarsa, sai fanka guda da ke juyawa kamar ana roƙonta.

Wata Litinin manaja ya shigo, ko zama bai yi ba.

"An kawo sabon tsari," ya ce. "Mutum biyu kawai za mu riƙe a ɗakin nan, kuma sai waɗanda suka iya rubuta ƙaramar manhaja da yaren kwamfuta na Python. Kuna da kwana arba'in. Ranar ƙarshe akwai gwaji."

Rumbu ya dubi kujerarsa. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujerar nan, ga 'ya'ya uku, ga matarsa da tsohon ciki, kuma bai iya wata sana'a ba.

Sai ya faɗa kan abin da ya fi iyawa. Ya shiga intanet ya fara neman darussa. Kowane shafi ya ce shi ne mafi kyau, Rumbu ya yarda. Ya sauke bidiyo, ya sauke littattafai, ya shiga zaure bakwai na masu koyo. Da ya fara kallon wani malami, sai a gefe a nuna masa wani mai cewa "Koyi komai cikin awa uku", ya bar na farko ya bi na biyu. Cikin mako biyu ya cika filashin ajiyar bayanai guda, ya sayi wani.

Kusa da teburinsa akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Anti. Ita shafi ɗaya tak ta riƙe, wani mai farin bango, ba hoto ba kiɗa, sai darasi da aikin gwadawa a ƙasa. Tana karantawa, tana buga madannai da yatsa biyu, tana tsaki.

"Anti, har yanzu kina darasi na shida?" Rumbu ya ce yana dariya. "Ni na wuce nan tun makon jiya. Kawo filashinki in zuba miki kaya."

"Bar ni da wannan, ƙanena," ta ce. "Shi ma bai gama ba ni wahala ba."

A gida matarsa takan leƙa wayarsa ta ga wani yana ta rubutu a baƙin allo.

"Baban yara, kana ganewa kuwa?"

"Sosai ma. Duk abin da yake yi na san shi."

Kuma ba ƙarya yake ba, a ganinsa. In malamin ya rubuta, sai Rumbu ya gyaɗa kai. Abin da bai lura ba shi ne, hannun malamin ne ke aiki, nasa yana riƙe da waya.

Saura kwana tara ya ce bari ya gwada kansa. Ya buɗe shafi fanko a kwamfuta, ya ɗora yatsu, ya tsaya. Babu abin da ya zo. Ya daure ya rubuta layi uku, kwamfuta ta amsa masa da jan rubutu mai nuna kuskure. Ya gyara, wani jan ya fito. Ya koma cikin tarinsa neman mafita, ya tarar wannan malamin tsohon salo yake koyarwa, wancan sabo, shi kuwa duk ya cakuɗa su a kansa. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya shiga banɗaki ya kulle ƙofa don kada a ga idonsa.

Da lokacin hutun rana ya yi, kowa ya fita, ya ja kujerarsa kusa da Anti.

"Anti, don girman Allah ki taimake ni. Ban iya komai ba. Wallahi ban iya komai ba."

Ta cire gilashinta ta dube shi. Kujerar da yake nema ita ma ita take nema, kuma dukansu sun sani.

"Layi nawa ka taɓa rubutawa da hannunka?"

"Uku. Yau."

Ta turo masa madannanta. "Darasi na ɗaya. Kada ka tsallake ko guda. In jan rubutu ya fito, karanta shi, magana yake maka. Wayar kuma sa ta a aljihu."

Kwana tara ya yi yana bugawa. Ya daina cin abincin rana, ya riƙa zuwa kafin mai shara. Anti na ba shi rabin hutunta kullum. Ranar da ƙaramar manhajarsa ta jera masa sunayen magunguna goma ba tare da kuskure ba, sai da ya kira Anti ta zo ta gani.

Ranar gwaji aka ba su aiki uku. Ya gama na farko. Ya sha wuya a na biyu, amma ya fita. Na uku kuwa, a ware magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, yana darasi na goma sha huɗu, shi kuma a na goma sha ɗaya ya tsaya. Ya san ya taɓa kallonsa a bidiyo. Ya zauna yana kallon allo har aka ce lokaci ya cika.

Anti ta samu kujera. Ta biyun aka ba wani da ya gama ukun duka.

Manaja ya kira Rumbu ofis ya miƙa masa takardar sallama, sannan ya sake duba aikinsa.

"Biyun da ka yi ba su da aibu. Yaushe ka fara koyo?"

"Kwana tara ke nan, ranka ya daɗe."

"Tara? Da ka samu mako ɗaya ƙari, da kai ne." Ya ɗago kai. "Amma ai arba'in na ba ku. Sauran talatin da ɗayan fa?"

Rumbu ya ninke takardar sallamar, ya sa a aljihu, ya fita.

Darasi: Tara darussa ba shi ne koyo ba. Ka zaɓi shafi ɗaya mai kyau, ka bi shi da haƙuri, ka rubuta da hannunka tun ranar farko, kuma kada ka raina mai tafiya a hankali. In ka san wanda wayarsa ta cika da bidiyon da bai taɓa gwadawa ba, tura masa wannan tun yana da sauran kwanaki.