Fiyus Mai Kan Zinariya da Kaset ɗin Inna

Akwai wani direba a Gusau mai suna Mas'udu, a shekarun da aka ba mu jihar Zamfara sabuwa fil. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da waya a hannu ba ku san darajar kaset ba, amma haka nan zan wahalar da kaina in ba ku labarin.

Mas'udu yana da wata baƙar rediyo mai cin kaset, da sifika biyu kowacce ta kai ƙugun mutum. Daga Ikko ya zo da ita. Lokacin da yake tuƙi a can, Innarsa ta zauna gaban rikoda ta yi masa magana, aka aika masa da kaset ɗin. Haka ake saƙo a wancan zamani.

Inna ta rasu. Ko hoto ba ta bari ba, sai wannan muryar a kaset guda.

Mas'udu bai yi kuka ba. Ya kai fasinja Tsafe, ya dawo, ya ci abinci bai san abin da ya ci ba, ya kunna kaset. Ba abin da ke shiga kunnensa sai wani "shuuu" da ke bin bayan muryar.

Ƙanwarsa Luba, da ke aure a Rawayya ta ƙasar Bungudu, ta zo har gida.

"Yaya, a kai wa masu kwafi su yi mini nawa mana. Ni ma uwata ce."

"Da wanga shuuu? Sai na gyara sautin tukuna."

"To kunna in ji ko kaɗan."

"Ke mi kin ka sani game da sauti? Ki bari ya hito tangaran, sannan ki ji."

Ta koma gida ba ta ji ba.

A tashar Tsafe akwai wani mai kayan wuta, Arzika, mai baki kamar an shafa masa zuma. Ya ɗaga wani ɗan fiyus mai kan zinariya a rana.

"Malam Mas'udu, duk wutar rediyonka ta ɗan siririn zaren nan take bi. In ƙofa ta yi ƙunci, ta ina murya za ta hito?"

Mas'udu ya saya, ya sa, ya kasa kunne. Ya ce wa kansa an samu sauyi. Washegari ya sake saurare, shuuu na nan inda yake.

"Ai na yara ne na ba ka," in ji Arzika. "Ga na manya. Wanga ko tsawa ta faɗo ba ya tsinkewa."

Shi kuwa fiyus, don ya tsinke aka yi shi. Shi ke mutuwa a madadin rediyo idan wuta ta wuce kima. Mas'udu bai tambaya ba, Arzika bai faɗa ba. Ya saya, ya sa a rediyo.

Luba ta yi aike sau da dama. Amsar ɗaya ce: saura kaɗan.

Wata rana da azahar ya bar kaset a ciki, rediyo a kunne, ya fita masallaci. Aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce hankali. A gidan maƙwabta fiyus ya tsinke, suka yi tsaki, magana ta ƙare. Na Mas'udu kuwa ya cika alkawari, bai tsinke ba.

Ya dawo ya tarar da hayaƙi da warin roba. Gaban rediyon ya narke ya haɗe da kaset sun zama dunƙule guda. Ya zauna bakin gado yana kallo har aka kira la'asar. Bai ji komai a ransa ba.

Washegari ya tafi Rawayya ya gaya wa Luba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye masa ruwa, ta zauna a bakin tabarma.

"Ba komai, Yaya. Kai da ka saurara kullum, gaya mini. Mi tac ce?"

"Ta gaishe ni."

"Sai kuma mi?"

"Ta ambaci sunanki."

Luba ta gyara zama. "Ni? Tac ce mi?"

Mas'udu ya buɗe baki. Ya san wurin sarai, ya san inda shuuu ke tashi da inda yake sauka, zai iya kwaikwayonsa yanzu-yanzu. Maganar Inna ce babu a kansa.

Luba ta jira. Ta ƙara jira. Can ta miƙe ta ɗauke kwanon ruwan da bai taɓa ba, ta shige ɗaki.

Darasi: Kada neman gyara abu ya hana ka amfana da shi, kuma kada ka riƙe wa ɗan'uwanka hakkinsa sai ranar da komai ya yi daidai, don ranar ba lallai ta zo ba. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, ba irin na kullum ba da kuke shanye mini labarai masu daɗi haka ku wuce ko sannu babu.