Rumbun Gara da Ambaliya

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Gara ce gwanar ginin rumbu. Duk garin da ya aiko, sai ta koya musu ba ɓoye-ɓoye, da sharaɗi guda: wanda ya gyara wani abu, ya dawo ya nuna mata.

Kura ta ce, "Ke wawuya ce! Sirrinki kike rabawa? Ni nawa ginin ba mai gani."

Gara ta ce, "Ni kaɗai ba zan hango kowace ɓaraka ba."

Kwaɗin fadama suka zo da dabarar ɗora gindin rumbu kan duwatsu, tsuntsaye suka zo da saƙar jinka. Gara ta sa duka a nata.

Rannan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ambaliya ta narkar da rumbun Kura, amma na Gara na tsaye, gero a bushe.

Gara ta kewaya shi, baki buɗe. "Ikon Allah! Ni ban taɓa ganin ambaliya ba. Ina ginina ya san ruwa?"

Kwaɗo ya ce, "A garinmu ya koyo, Inna."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta koma inda ta fito!