Saƙonnin Harisu

Akwai wani mutum a Tamaske mai suna Halidu, wanda ya daɗe shi kaɗai ke da ordinatar, wato na'urar kwamfuta, a bakin kasuwa. Mai neman a buga masa takarda, mai son aika hoto ga ɗansa a Abijan, duk wurinsa suke zuwa. Ba mugu ba ne. Ya dai saba jin "sai Halidu", kuma kunnen da ya saba da haka, yabon wani zafi yake yi masa.

Sai Mardiya, ɗiyar kawunsa, ta gama karatun na'ura a Tawa, ta buɗe shago daura da nasa. Taubasai ne, don haka ba ta raga masa.

"Bawana," takan ce daga ƙofarta, "wannan tsohuwar na'urar taka har yanzu tana numfashi? In ta kwanta ka kawo ta asibiti, kyauta ne."

Yakan yi dariya tare da mutane, amma dariyar ba ta wuce haƙora. Duk wanda ya shiga shagonta, idonsa na kansa. Har ya daina shan shayin mai shayin da ke kai mata.

Abu guda Mardiya ba ta da shi. Kowace ranar kasuwa Inna Saude, mahaifiyar Halidu, takan zo ta zauna kan benci, ya karanta mata saƙonnin imel na Harisu, wansa da ya rasu a Abijan. Akwatin imel ɗin da Harisu ke aiko saƙo cikinsa an daɗe da rufe shi. Saƙonnin, da hotunan da ke cikinsu, ba su da wani mazauni a duniya sai cikin tsohuwar na'urar nan.

Wata rana Halidu ya ji wani malamin lakwal, wato makarantar boko, yana cewa, "Allon Mardiya kamar madubi. Sabon sistem ke gare ta."

Maganar ta tsaya masa a wuya. Ya ari kile, 'yar ma'ajiyar bayanai da ake soka wa na'ura, wurin wani direba, ya ɗora sabon sistem, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, da hannunsa, bai kwafe komai ba. Allo ya fito fes. Ya buɗe wurin saƙonni, wayam.

Tsakaninsa da mai magani faɗin hanya ne kawai. Ya dubi ƙofar Mardiya, ya ji tana dariya da masu jiran layi, ya ce a ransa gara ya mutu.

Ya naɗe na'urar a bargo, ya hau kabu-kabu zuwa Buza. Mai gyaran na'ura na can ya tafi biki. Ya wuce Madawa, inda wani ya riƙe ta kwana da kwanaki, a ƙarshe ya ce sai an share ta gaba ɗaya. Halidu ya ɗauko kayansa ya dawo, ya ci gaba da buga takardun mutane a kanta kamar ba abin da ya faru.

Ranar kasuwa ta zagayo. Inna Saude ta zauna, ta gyara mayafi.

"Karanto mini na ranar da ya samu ɗaki."

Halidu ya juya allon yadda ba za ta gani ba, ya shiga karantawa daga kansa. "Gaisuwa mai yawa zuwa ga Inna, ina fatan kuna lafiya..."

"Tsaya." Ta ɗaga kai. "Harisu bai taɓa ce mini Inna ba. Tsohuwa yake cewa. Mi kake karantawa, Halidu?"

Da ƙyar ya faɗi gaskiya.

"Ka kai wa ɗiyar ƙanena?"

"Inna, yarinyar nan ba ta san..."

"Ka tafi Madawa, ka kasa tsallaka hanya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sa shi ya ɗauki na'urar, tana gaba yana biye, a idon duk 'yan kasuwa.

Mardiya ta ga fuskar gwaggonta, ta haɗiye tsokanar da ta zo mata baki. Ta haɗa wayoyi, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya Halidu, yaushe ka canza sistem ɗin?"

Ya faɗa mata. Ta juyo gare shi ta ce:

"In an ɗora sabo, yakan tara kayan tsohon a dosiye guda, kamar jaka, ya ajiye na 'yan kwanaki, sannan ya share da kansa. Da ka zo a ranar, kafin shayi ya tafasa mun gama. Yanzu ya share, kuma duk takardar da ka buga tun daga nan, a kan gurbinsu take kwanciya."

Ta sallami masu jira, ta rufe ƙofa. Har la'asar tana tono da wata manhajar ceto. Saƙonni suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya: na ɗakin, na azumi, na ranar da aka sace masa takalmi a masallaci. Wasu cikakku, wasu rabi. Hotuna kaɗan suka tsira.

Na ƙarshe, wanda ya rubuto daga gadon asibiti, bai dawo ba. Takardar neman aikin wani ce ta hau kansa.

Inna Saude ba ta yi kuka ba. Ta matso da kujera kusa da Mardiya.

"Rubuta, ɗiyata. Na haddace shi. Tsohuwa, kar ki damu, zazzaɓi ne kawai..."

Mardiya na bugawa. Halidu na tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya zauna, ba wanda ya ce ya fita.

Mardiya ta kwafe komai a wuri biyu, ta miƙa masa kile ɗaya. Ba ta taɓa goranta masa ba, ko da wasan taubasai. Amma tun daga ranar, idan kasuwa ta ci, bencinta Inna Saude ke nufa. Halidu yakan hango su daga shagonsa. Yanzu ya san abin da hassada ta ja masa yake kallo, kuma ya san shi ne ya kai Inna can.

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin ta take ci, kuma takan haɗa da abin da ba nasa kaɗai ba ne. In Allah ya ba ɗan'uwanka sani, rabonka ne ya matso kusa, ka je tun gyara na yiwuwa. Kuma kafin ka canza sistem, ka kwafe abin da ba za ka iya sake samu ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai hanyar da ya kasa tsallakawa.