Gamsheƙa a Ɗakin Jego

Ku gyara zama. Tun da wuri bari in kwantar muku da hankali: yaron da zan ba ku labarinsa yana nan da ransa, kukansa ma har ya ishi unguwa. Gardama ce kawai ta rage, ita na kawo muku.

A wani gari kudu da mu akwai 'yan'uwa uku, Sallau da Nomau da autansu Ilu. Sana'arsu haɗa akwatunan kwali ga masu sayar da ƙwai da 'yan tsaki. Rumfarsu ɗaya a ƙofar gida, amma kullum sai an ji kansu, don kowa gani yake aikinsa ne sana'a, na sauran wasan yara.

Suna da 'yar'uwa, Ladingo, da ta dawo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji. Ana gobe suna, da hantsi, ta shimfiɗe shi a gado ta fita wankan jego. Damina ce, ɗakin da ɗumi. Da ta dawo ta leƙa, sai ga gamsheƙa ta naɗe a gindin gadon, a lungun bayan ƙofa, yaro kuwa yana ta barcinsa, hannunsa ɗaya na lilo.

Mijinta Haladu, wanda isowarsa ke nan da ragon suna, ya rarumi sanda. Inna, uwar su Sallau, ba ta ko dube shi ba saboda surukuta, sai ta ce wa Ilu, "Auta, gaya wa baƙonku ya ajiye sandar nan. Wannan kan gidanmu ne. Tun kakanninku ba a taɓa zubar da jininta a gidan nan ba."

Kun san kan gida, dabbar da wasu suka gada ba sa kashewa. Ni dai ban yarda da shi ba, amma a ranar nan tsohuwar ta yi gaskiya. Gamsheƙa tofi take a ido, kuma in sanda ta kuskure, yaron ne mafi kusa da ita. Haladu ya saki sandar, ya ce, "Duk wanda ya fitar da ita ba ta taɓa yaron nan ba, sunansa za a raɗa gobe." 'Yan'uwan suka ruga rumfa, inda babu komai sai kwali da wuƙa da zare.

Sallau ya kama akwati. Gam sai ya bushe, ba su da lokacin jira. Salatif ƙararsa za ta tashi yaro, ƙusa kuwa ba ta kama kwali. Sai ya yanka wa kowane gefe harshe mai kunnuwa biyu, ya tsaga ɗaya gefen daidai faɗinsa. In ka lanƙwasa kunnuwan ka zura, sai su buɗe daga baya, duk yadda aka turo daga ciki ƙara kamawa suke. Ya ninka bango biyu, jijiyar kwalin wannan a tsaye, ta wancan a kwance, bai bar kafar da ko jelar ƙadangare za ta bi ba. Da ya gama ya hau kai ya zauna, ga shi ba ƙaramin mutum ba, akwati bai ko motsa ba.

Nomau ya kama ƙofa. Murfi ba zai yi ba, don sai an kai hannu. Ya jera sala uku na kwali a kowane gefen bakin akwatin, na tsakiya ya fi siranta, ya ɗinke su, sai ga kwarmin da ƙofa za ta zame a ciki. Ya gwada, ƙofa ta tsaya a rabi, ashe danshin damina ya kumbura kwalin. Da a gaban macijiya ta yi haka, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ya rage bakinta kaɗan, ya goga kyandir a kwarmin, ya ɗaura mata ruwan tsohuwar fartanya don nauyi. Sannan ya tokare ta a sama da tsinke mai zare, yadda ana ja za ta faɗo.

Ilu ya kama hannun da zai kai akwatin. Gora ba ta shan kwana, gadon kuwa a bayan ƙofa yake. Ya naɗe kwali kamar tabarma, wani ya fi wani kauri, ya zura ƙarami cikin babba yadda za a ƙara tsawo a hankali ba tare da mutum ya matsa ba. A tsakiya ya yi masa gwiwa da guntun kara, ya bi da zaren Nomau ta cikinsa. Aka sa ƙwai a akwati don a jawo macijiyar. Ilu ya jingina madubin Ladingo a dokin ƙofa, ya kwanta rub da ciki a waje, yana turawa yana kallo, har bakin akwatin ya daidaita da lungun.

Nan yaro ya motsa. Gamsheƙa ta ɗaga kai ta fasa. Inna ta zagaya ta yaye buhun da aka toshe taga da shi, haske ya sauka a kan macijiyar. Ta sauke kai, ta dubi duhun akwati, ta sulale ciki har jela. Ilu ya ja zare, ƙofa ta faɗo. Macijiya ta yi ta bugun bango, akwati yana rawa, amma ko harshe ɗaya bai saki ba.

Wallahi daɗin da aka ji ranar ba ya faɗuwa. Ladingo ta manta da kunyar ɗan fari, ta sure shi a gaban kowa tana kuka tana dariya. Haladu ya zauna daɓas kusa da ragonsa yana ta hamdala. Aka kai akwatin hayin rafi, aka ɗaga ƙofar daga nesa, Inna ta ce, "Sauka lafiya, kada ki ƙara kawo mana ziyara."

Sai washegari rigima ta tashi. Sallau ya ce in ba don akwatinsa ba, da ta ɓalle a fusace a gindin gado. Nomau ya ce akwatin da bai rufe ba ai masauki aka kai mata. Ilu ya ce da akwati da ƙofa duk da suna nan a rumfa in ba don hannunsa ba.

Ga liman a zaune, ga rago a ɗaure, ga wanzami yana wasa aska. Alkawari ɗaya Haladu ya yi, yaro kuma suna ɗaya za a raɗa masa. To, ku da kuka ji komai, sunan wa ya kamata yaron nan ya ci: Sallau, Nomau, ko Ilu?